Ranar da Garba Majajjawa Ya Bar Tsuntsaye Suka Ci Gero

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Tsauni lokacin da gero ya fara nuna, ya san muryar Garba Majajjawa ko da bai san fuskarsa ba. "Haaa! Haaa!" Daga can cikin gonaki take tashi, ta tsallake hanya, ta firgita jakunan da ba su yi wa kowa laifi ba. Maƙwabcina ne a Matameye, katanga ɗaya ta raba mu, kuma ni shaida ne cewa ko sallama ya yi a ƙofar gidana sai kajina sun watse.

Tun bai kai tsawon karan dawa ba mahaifinsa ya ɗora shi kan rumfa a tsakiyar gona, ya miƙa masa majajjawa da igiya mai gwangwanaye, ya ce kada ya bari ko tsuntsu ɗaya ya sauka. Mahaifin ya rasu da daɗewa ba tare da ya janye umarnin ba, shi kuwa Garba bai ga dalilin dainawa ba. Da ya girma ya yi shekaru yana zuwa cin rani Kano, yana sayar da rake. Can ma sai da wani mai gidan haya ya roƙe shi ya sauya unguwa, don tattabarunsa sun daina kwana a gida. A wurin Garba tsuntsu iri biyu ne kacal: wanda ya ci gero, da wanda bai samu dama ba tukuna.

Ɗansa Abdulrazak ya yi karatun aikin gona a Yamai, ya sami aikin wani proje, wato shirin raya noma, aka yi ta yawo da shi ƙasa-ƙasa har aka ajiye shi a Komoro, wani tsibiri a tsakiyar teku. Can yake da matarsa Rashida, ƴar Damagaram, da ƴarsu Najaha, wadda aka haifa a waje kuma ba ta taɓa taka Matameye ba. Bara bayan girbi sai ya aiko cewa iyayen su zo a yi hutu tare.

Garba bai damu da teku ba, bai damu da jirgi ba. Abin da ya kai shi Najaha ce. A unguwarmu ba tsohon da jikokinsa ba sa fizge masa hula su ruga da ita, suna kiransa tsoho mai ran ƙarfe, shi kuma yana binsu da sanda yana rantsuwar ƙarya. Garba ya daɗe yana kallon sa'o'insa ana yi musu wannan wulaƙanci mai daɗi, shi hularsa na zaune daram a kansa ba mai taɓawa. Saboda haka ya sayi sabuwar hula, ya zaɓi wadda ta ɗan yi masa yawa, don ta yi sauƙin cirewa. Matarsa Saratu ta ɗaure kuka da daddawa da surfaffen gero na fura. Shi kuma ya jefa majajjawa a aljihu, ba don komai ba, don dai bai san yadda ake fita ba ita ba.

Abin da ya faru a can daga bakinsa na ji, sannan Saratu ta gyara mini wuraren da ya yi wa kansa sassauci.

Ruɗewar ta fara tun daga filin jirgi. Ƙasar baƙa ƙirin, duwatsu ko'ina kamar gawayin maƙera, ga wani ƙaton tsauni ya tokare sama, kansa cikin gajimare. Abdulrazak ya ce sunansa Kartala, kuma wuta ce a cikinsa, lokaci-lokaci yakan yi aman wutar, waɗannan duwatsun duk aman ne ya sandare.

"To ina mutanen garin suka koma?" in ji Garba.

"Ba su koma ko'ina ba, Baba. Ga su nan. Mu ma gidan da na kama mana na hutu a jikinsa yake."

"A jikin wutar."

"A jikin tsaunin, Baba."

Garba ya dubi Saratu, Saratu ta dubi jakar daddawarta. Tun daga ranar, in ji ta, da takalmi a ƙafa yake barcin rana.

Najaha ta tarbe su a ƙofa, ƴar siririya mai manyan idanu. Ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Bonjur, Kaka." Hausa tana ji sarai, amsawa ce sai da Faransanci. Garba ya sunkuyo, ya karkato hular har tana neman faɗuwa da kanta. Yarinyar ta miƙe ta kawo masa ruwa a kofi bisa faranti, ta koma gefe ta naɗe hannu. Ladabi kamar a gaban alƙali. Ya ce mini a ransa ya ji kamar an mare shi.

Shi hutun ma bai gane kansa ba. Ya tambaya me za a yi, aka ce ba komai. Ya ce to daga wane aiki ake hutawa, tunda an gama girbi kowa ya riga ya huta? Rashida ta rufe baki da mayafi ta shige ciki.

Da safe sai ya ga Abdulrazak da Najaha sun fito bayan gida inda itatuwa suka yi duhu, kowanne da wani baƙin tabarau mai ido biyu rataye a wuya, wanda suke kira jumel, mai jawo abin nesa kusa. Suna tafiya a hankali, suna ɗaga kai, suna raɗa. Nan Garba ya ji ƙasa ta dawo ƙarƙashin ƙafarsa, don wannan kam ya san shi. Irin tabaraun ne ma'aikatan gona ke zuwa da shi wajenmu shekarar da tsuntsayen jan-baki suka yi yawa, su leƙa su gano inda suke kwana kafin a zo a yi musu feshi. Ashe yaron nan, duk da boko, gado bai bar shi ba. Har jikar ma an sa ta a hanya! Ya gyara hula ya bi su, zuciyarsa fari tas.

Can Najaha ta tsaya cak, ta kama rigar babanta, ta nuna wani reshe. Wani ɗan tsuntsu ne ja wur, kamar an tsoma shi a manja, bai fi babban yatsa biyu ba. Ta ɗaga tabarau a hankali.

Garba ya ga yarinya ƙarama ta gano ɓarawo, kuma ba ta da muryar da za ta yi maganinsa. Ya cika ƙirji.

"Haaaaa!"

Ba jan tsuntsun kaɗai ya tashi ba. Duk abin da ke da fiffike a gefen tsaunin nan ya tashi, har da wasu jemagu manya kamar shirwa da ba su saba fita a wannan lokaci ba. Wata akuya ta tsinke igiya. Garba ya tsaya yana jiran godiya.

"Baba," in ji Abdulrazak bayan ya sami numfashi, "kallonsu muke yi."

"Na gani ai. Na kore muku su."

"A'a, Baba. So muke su tsaya mu kalle su."

"In kun kalla, sai a harbe?"

"A'a."

"Tarko?"

"Ba tarko. Kallo kawai."

"Cin su ake yi a nan?"

"Ba a ci."

"To wa ya sa ku? Proje ne?"

"Ba wanda ya sa mu. Najaha ce ke so. Wannan jan, tun da muka zo take son ta gan shi kusa, bai taɓa tsaya mata ba sai yau."

Garba ya juya maganar a ransa. "In ta gan shi kusa," ya ce, "sai me?"

"Shi ke nan, ta gan shi."

Ya ce mini ya taɓa jin wa'azin da bai gane ba, ya taɓa jin bayanin likita da bai gane ba, amma waɗannan aƙalla akwai inda suka nufa.

Duk da haka ya yi alkawarin ba zai ƙara korar musu tsuntsu ba. Washegari ya bi su, ya toshe baki da tafin hannu. Abdulrazak ya rataya masa tabaraun ya gwada, ya leƙa ya ga ganye ya taso masa kamar zai shige ido, ya ja da baya ya yi salati. Da ya sake leƙawa sai ga hankaka, baƙi da farin ƙirji, sak na bayan mahautar Matameye. Ya ce wato jirgi biyu aka hau da shi don a nuna masa hankaka. Najaha ba ta yi dariya ba.

Sai jan tsuntsun ya dawo. Bakin Garba ya cika alkawari, ban da hannunsa. Shi dai ya ce bai san lokacin da hannun ya shiga aljihu ba. Duwatsun wurin kuma, ka san, marasa nauyi ne, duk huji, kamar don majajjawa aka yi su. Bai nufi tsuntsun ba, ya rantse, sama ya jefa. Amma ƙarar majajjawar Garba, fau, ko a Matameye sai an waiga.

Najaha ta sauke tabarau. Ba ta yi ihu ba, ba ta buga ƙafa ba. Hawaye ne kawai suka zubo, ta juya ta koma gida. Daga ranar ko bonjur ɗin ma ya ɗauke. In ya shigo ɗaki ta fita, a hankali, cikin ladabi.

"Kai dai Malam, Allah Ya shirye ka," in ji Saratu. "Ka tsallake teku ka zo ka kori jikarka."

"Tsuntsu na kora."

"To ga shi nan duk sun tashi tare."

Kwanakin suka yi ta gudu. Hula na nan a kansa, tana faɗo masa kan ido, ba mai taɓawa. Ya daina bin su bayan gida. Yakan zauna a baranda yana kallon tsaunin, yana tunanin a ƙasar nan wutar da ya kamata a guje wa ana kwana a jikinta, ɓarawon da ya kamata a kora ana yi masa raɗa.

Ana jibi za su taso, Saratu ta ce ba za ta koma da gero Matameye ba, sai ta dama wa yara fura ta gaske kafin ta tafi. Ta wanke sauran geron, ta shanya a tabarma a tsakar gida don ya tsane. Abdulrazak da Rashida sun sauka gari sayen tsaraba.

"Malam, ga aikin da ka iya," ta ce. "Ka tsare mini. Shi ke nan ya rage, babu wani a duk tsibirin nan."

Ta shiga wanka. Garba ya zauna bakin tabarma, ya miƙe ƙafa, karo na farko tun zuwansa da ya san abin da ake so da shi.

Ba a jima ba sai ga shi. Ja wur. Ya sauka kan katanga, ya karkata kai, ya diro bakin tabarma. Ƙirjin Garba ya fara cika da kansa. Sai idonsa ya faɗa kan ƙofar ɗaki: Najaha ce tsaye a bayan labule, rabin fuska a waje, ba ta ko numfashi. Tabaraun ma ba ta ɗauko ba, don abin ya yi kusa da yawa. Ba tsuntsun take kallo ba. Shi take kallo, irin kallon wanda ya riga ya san abin da zai faru.

Ihun ya riga ya taso, ya iso maƙogwaro, ba inda za a mayar da shi. Garba ya cire hular nan sabuwa ya cusa a baki. Hannuwan kuma, da ya san halinsu, ya tura su ƙarƙashin cinya ya zauna a kai.

Tsuntsun ya ci. Geron Matameye, na gonar Garba, wanda ya yi damina guda yana tsarewa, a gaban idonsa. Ya ci ya kira matarsa, wata ƴar toka-toka marar kwalliya. Suka kira dangi. Kurciyoyi suka sauka, gwarare suka sauka, hankakan nan ma ya zo ya tsaya gefe kamar mai duba aiki. Gumi ya jiƙa rigar Garba. Idanunsa sun firfito, hawaye na zuba, wani gurnani na fita ta cikin hular. Najaha ta fito da rarrafe, ta zo ta zauna a jikinsa, kafaɗarta na taɓa hannunsa. Jan tsuntsun ya matso har ana ganin ɗan baƙin da ya kewaye idonsa kamar kwalli. Ya ce wannan kam ya gani, kuma bai taɓa sanin tsuntsu na da kwalli ba, don bai taɓa barin wani ya daɗe haka ba.

"Innalillahi! Gerona!"

Saratu ce da zani a ƙirji da bokiti a hannu. Tsakar gida ta yi fir, ba a bar komai ba sai tabarma da ɗan abin da ba zai yi furar mutum biyu ba. Ta dubi tabarma, ta dubi mijinta zaune kan hannuwansa da hula a baki.

"Shekara nawa kana hana mutane barci da ihu, yau ɗaya da na sa ka! Me ya same ka? Aljanun tsaunin ne?"

Garba ya yi ƙoƙarin bayani, hula ta hana. Sai Najaha ta fashe da dariya, har da faɗuwa kan tabarma. Ta miƙe ta kama bakin hular ta fizge, ta ruga bayan gida tana kaɗa ta sama, tana ihu da wata Hausa karkatacciya da ba wanda ya san tana da ita:

"Tsoho ya ci hula! Tsoho ya ci hula!"

Ya tashi zai bi ta, hannuwa sun mutu, ƙafa ta yi tsami. Haka ya bi ta yana ɗingishi yana rantsuwa sai ya karya ta, Saratu na binsu da faɗa.

Furar dai ba a sha ba. Hular kuma tana Komoro, Najaha ta ƙi bayarwa, da kai ba hula ya sauka a tashar Matameye. Yanzu in ta kira a waya, kafin gaisuwa sai ta tambaya ko tsoho ya ci abinci ko a aiko masa da hula, shi kuma ya riƙa zagayawa da wayar majalisa-majalisa don kowa ya ji irin rashin kunyar da ake masa.

Na tambaye shi ko yanzu ya gane abin da ake samu a kallon tsuntsu. Ya ce ko kaɗan. Ya ce ya yi tunani har ya gaji, ba a ci, ba a sayarwa, ba lada aka ce akwai ba, kuma geron mutane ne ke tafiya. Bana ma da gero ya nuna yana kan rumfarsa, muryar na nan yadda take. Sai dai Munkaila, wanda gonarsa ke maƙwabtaka da tasa, ya kawo mini ƙara: wai in tsuntsu ya sauka, Garba kan ɗan tsaya ya leƙa fuskarsa tukuna kafin ya yi ihun, kuma in ya yi, gonar Munkaila suke komawa da ƙarfinsu.

Na kai masa maganar. Ya ce sharri ne. Ya ce dubawa kawai yake ko mai kwallin ne ya biyo shi.