Tana-Gida

Matar ɗana tana da suna mai kyau da ubanta ya raɗa mata, amma a gidan hayar da muke zaune ba mai kiranta da shi. Ni na sa mata Tana-Gida, don abin da na fi ji ana faɗa a kanta ke nan. Mai kawo gas zai zo masu ɗaki ba sa nan? A bar mata sallahu, ai tana gida. Hadari ya haɗo, shanyar kowa na kan igiya? Tana gida. Makullan maƙwabta duk a ƙusa ɗaya suke yini, a bayan ƙofarta.

Kafin aure a shagon yadi take aiki. Har yau in ta taɓa zanen jikinki sai ta gaya miki ko zai zuba. Da ta haifi 'yan biyu ta bari, don mai shagon ya ce ba ya son kuka a cikin kayansa. Tun daga nan in an tambayi ɗana aikin matarsa sai ya ce, "Ba ta komai, tana gida." Shi gyaran fanka yake yi. Na taɓa zuwa shagonsa na same shi yana minshari a ƙarƙashin fankar mutane, ya ce min wai gwada ta yake.

Ni ban yi boko ba, amma kujerata a bakin ƙofa take. Yarinyar nan ita ke tarar ruwa kafin famfo ya ɗauke, ta wanke yara, ta ɗora tukunya, ta dawo kan gwiwata da man zafi. Ban taɓa ganin shayinta ya shiga cikinta da zafinsa ba.

Ɗakin da ke kallon namu na wata nas ne, mijinta aiki ya kai shi wani gari. Da hutun haihuwarta ya ƙare ta kawo wa Tana-Gida ɗanta, wani lukutin yaro da muke kira Kumatu. Kullum da safe sai ta tsaya a ƙofa da fararen kayanta tana hawaye, yaron kuwa ko a jikinsa. Da yamma ta dawo da abin wasa, kamar mai biyan tara.

"Yaya, ni wace irin uwa ce?" in ji ta. "Ina can ina lallashin 'ya'yan wasu, nawa wata ke share masa majina."

"Majinar ce kike kewa? Zan ajiye miki," in ji Tana-Gida.

Nas ta yi dariya, amma ta ce wallahi ranar da yaron nan ya fara tafiya ba ta nan, ta ajiye aikin. Ita kuwa tana son aikinta. In tana ba da labarin ɗakin yara na asibiti har mantawa take da abinci a gabanta.

Abin da ba ta sani ba, Tana-Gida tana da wata ɗabi'a da ba wanda ya koya mata. Duk abin da yaro ya fara yi a hannunta, ba ta faɗa. Ta ga haƙori ya ɓullo da hantsi, sai ta yi shiru har yamma ta ce, "Ke da kika san aikin, duba min bakinsa, yau dalala yake ta yi." Nas ta sa yatsa, ta ƙwala ihu, ta zagaya gida tana nuna wa mutane abin da ta gano. Haka aka yi da zama, haka da rarrafe.

Wata safiya Kumatu ya saki bokiti ya tako har kujerata, ya kama zanena. Tana-Gida ta dube ni.

"Inna, ba ki ga komai ba."

"Dama idona ya daɗe da lalacewa," na ce.

Ranar hutun Nas kuwa da saura. Don kada wani ya gani, sai Tana-Gida ta riƙa goya shi yini guda, ƙaton yaro kamar buhun siminti, tana wanki da shi tana girki da shi. Har bayanta ya ƙage, ni na koma shafa mata man zafin.

Ranar hutun ta tsayar da shi jikin bokitin nan, ta ce wa uwar, "Miƙo masa hannu mu gani." Yaro ya tafi, taga-taga, ya faɗa ƙirjin uwarsa. Nas tana kuka tana dariya, sai ga ɗana ya shigo cin abinci.

"Murnar me ake yi? Tafiyar? Ai ya kwana biyu yana yi. Rannan da aka sauke shi za a yi masa wanka, takalmina ya ɗauka ya kai min kwata."

Na haifi yaron nan da kaina, ban san a ina ya samo bakin ba. Ko da yake an ce irin nawa ne.

Nas ta daɗe tana kallon Tana-Gida. "Haƙorin fa, Yaya?"

Tana-Gida ta sunkuya tana matse wankin da ta riga ta matse. Nas ta ɗauki ɗanta ta rufe ƙofa. Kashegari ta karɓi hutu, ta ce daga shi ba za ta koma ba.

Maƙwabta ba su ɓata lokaci ba, makullai suka fara sauka a ɗakinta. Ita kuwa ta sa wa yaro ido kamar mai gadin madara a wuta, ko bayi da shi take shiga. Ta daina gaida mu sai da ka. Tana-Gida dai in ta tari ruwa sai ta cika bokitin Nas ta ajiye mata a ƙofa.

Ana nan wata rana Nas ta juya baya tana shanya, sai mai gas ya leƙo da tukunya a kafaɗa ya ce, "Madam, ɗanki ne wancan? Ga shi can ya haye matakala shi kaɗai, har sama." Ta ruga ta sauko da shi. Sai ta zauna a matakalar da rigar yaro jiƙaƙƙiya a hannunta: ga ta a gida, amma mai gas ne ya riga ta gani.

Da safe ta fito da fararen kayanta, ta miƙa wa Tana-Gida yaron.

"Yaya, in ya yi magana…"

"Ni in ina girki ba na jin komai."

Ta juyo gare ni. Na ce ni bakina ba shi da murfi, amma ɗana zan tsare mata. Ta rataya jaka ta fita. Ba ta yi kuka ba sai da ta kai bakin titi, can kuwa ba unguwar kujerata ba ce.