Rhissa da hanyar da ya share

Rhissa mai ɗibar ƙaro ne. Iyayensa daga wajen Tagriss suka gangaro shekarar da dabbobi suka ƙare, suka zauna kusa da Dakoro, shi kuma ya tashi bai san wata sana'a ba sai bin itatuwan dakwara da 'yar wuƙa da taiki. Ba ya da yawan magana. Mutum ne mai son abu tsaf, har igiyar jakinsa sai ya naɗe ta kafin ya sha ruwa.

Da Nasara suka shata dajin nan suka ce gandu ne, aka hana sara da ɗiba. Rhissa kaɗai aka ƙyale, don shi ke nuna wa Samba, gardin daji, inda gobara ke tasowa. Izinin na baki ne, kuma bakin da ya bayar yana iya karɓewa.

Wata rana da kaka, Samba ya zo bisa doki.

“Baba Rhissa, baƙin kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasar nan, za su zo daga Maradi, su ɗauki hoto bisa hanyar da kake bi. In sun ji daɗi, ƙaronka na nan. In ransu ya ɓaci, ni ban san ka ba.”

“Hoton mi?”

“Ina na sani? Nasara ne.”

To, a ƙasar nan kowa ya san abin da ake yi in Nasara zai biyo hanya: shara. Tun zamanin aikin dole haka aka saba. Rhissa ya ɗauki hauya, matarsa Fadimata ta ɗauki tsintsiyar kaba. Suka nome ƙarangiya, suka kwashe busassun rassa, suka kakkaɓe saƙar gizo daga ƙaya, suka toshe ramukan tururuwa. Hanya ta fito fes kamar tsakar gidan amarya. Ranar zuwansu ya sa rawaninsa mai rinin baba, ya tsaya a bakin hanya.

Maza uku suka sauko daga mota, da wata madam mai malafa. Kowa da akwatin hoto rataye a wuya, mai dogon hanci. Ba wanda ya dubi rawanin. Ƙasa suke duba. Wani mai gemu ya durƙusa, ya leƙa gindin aduwa, ya tashi. Madam ta bi ƙaya reshe-reshe, ta juyo ta yi wa Samba magana da sauri.

“Ta ce ina ƙwari suka tafi?”

“Waɗanne ƙwari?”

“Buzuzu, gizo-gizo, fara, su duka. Su suka zo ɗauka.” Samba ya rage murya. “Tsoho, ka kashe mu. Wa ya ce ka share?”

“Wa ya ce kar in share?”

Mai gemu ya soma rufe akwatinsa. Rhissa ya dubi hannun nan da ke ɗaure maɗauri. Bai gane abin da babban mutum zai yi da hoton buzuzu ba, amma ya san inda ya zubar da sharar, can bayan wata magarya inda ya ɓoye ta don kada baƙi su gani. Sai ya ce, “Gardi, ce musu su biyo ni. Amma wurin ba kyau.”

Tarin ya sha raɓa, ya soma ruɓa. Da Rhissa ya ɗaga reshe guda, ƙasa ta motsa da ƙwari. Madam ta yi ƙara, ba ta tsoro ba. Kafin Rhissa ya gyara tsayuwa, Nasara huɗu suna kwance rub da ciki a bakin juji, ƙarangiya ta cika musu riguna, suna riƙe numfashi. Samba ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

“In na faɗi wannan a bariki, cewa za a yi na sha giya.”

Can mai gemu ya yafuto Rhissa, ya miƙa masa akwatin, ya nuna masa inda zai sa ido. Ya yi bisimilla ya leƙa. Wani abu ne kore mai manyan idanu kamar ƙwarya biyu, yana shafa fuska da hannuwa a hankali, kamar mai alwala. Ya ɗago da sauri ya duba reshen. Ƙoƙi-ƙoƙi ne, ɗan ƙarami, irin wanda ya sha kaɗewa daga rigarsa. Ya sake leƙawa. Sai da Nasaran ya taɓa kafaɗarsa sannan Rhissa ya mayar masa da akwatinsa.

Da za su tafi, Samba ya ce daga bisa doki, “Ƙaronka na nan. Sun ce baɗi za su dawo, kada ka taɓa ko ciyawa guda.”

Rhissa ya ci gaba da ɗiba har ƙafa ta gaza. Sai dai tun daga shekarar nan taikinsa ba ya cika kamar da. Fadimata ta rasa dalili, har ranar da ta bi shi da ruwa, ta iske shi tsugune gaban dakwara, wuƙa a ajiye, hancinsa ya kusa taɓa ɓawo, yana kallon wasu 'yan ƙwari.

“Mai gida, lafiya?”

“Yi a hankali,” in ji shi. “Ci suke yi.”