Cokalin Shinkafar Mal-sun

Wata mata mai suna Tak Mal-sun ba ta taɓa ɗora tukunya ba sai ta fara cire wa coci rabonsa. Cokali ɗaya na ɗanyar shinkafa a kan kowane rai da ke gidan, ta ambaci sunansa cikin addu'a, ta zuba a tulu. Ran Lahadi a kai wa fasto ya ci. Haka matan ƙauyen Baramgol suka riƙe cocin nan tun bayan yaƙi, lokacin rufinsa ciyawa ne, ƙararrawarsa kuwa kwanson bom. Maza su zama dattawan coci suna yanke shawara, mata suna cika tulu.

Da matar fastonsu ta rasu ta bar yaro, Du-sik, Mal-sun ta ƙara cokali ɗaya da sunansa. Ya girma, ya tafi Seul, babban birnin ƙasar, ya zama babban fasto har da direba, amma ita ba ta daina ba.

To, bara dattijo na ƙarshe ya mutu. Saura tsofaffin mata bakwai, kuma a ɗarikarsu mace ba ta zama dattijon coci, ko da ita ta kwaɓa ƙasar ginin. Cocin da ba dattijo ba shi da bakin magana. Majalisar fastoci ta ce a rufe shi, a sayar wa wani mai son buɗe shagon shayi. Kuma wa aka turo da kwaɗon rufe ƙofa? Du-sik! Kai, abin da ciwo.

"Inna, ki yi haƙuri," ya ce wa Mal-sun, yana gyara kwat. "Doka ce. Ba namiji ko ɗaya."

"Doka? Lokacin da kake lashe kwano da majina a hanci, ka tambaya ko namiji ne ya kawo shinkafar?"

Sauran matan suka yi shewa. Shi kuwa ko kunya.

"Za a riƙa turo mota tana kai ku cocin gari, Inna."

"Mijina yana kwance a kabari bayan katangar nan. Shi ma motar za ta ɗauka?"

Ya datse ƙofa, ya rusuna mata har ƙasa, wai shi mai ladabi, ya shige mota.

Da yamma ta zo ɗora tukunya, hannu ya yi abin da ya saba. Ta ɗebi nata ta zuba a tulu, ta ɗebi na marigayi mijinta ta zuba. Ta ɗebi na uku, ta buɗe baki za ta ce Du-sik, sunan ya ƙi fita. Ta daɗe tana riƙe da cokalin, sannan ta mai da shinkafar cikin buhu.