Benci Ɗaya da Malamina

Shekarar da gwamnan soja ya kafa dokar ilimi a jiharmu, ina zaman kashe wando a unguwarmu Gidan Igwai, jarrabawar fita sakandare ta kayar da ni. Dokar ta ce jiha ta karɓe ɗawainiyar makarantun firamare daga hannun En'e, wato hukumar gargajiya, karatu ya zama kyauta, kuma duk malamin da ba shi da shaidar koyarwa sai ya koma kwaleji a horar da shi. Arzikin man fetur na kan ganiyarsa, ko'ina ka duba mota ce ɗauke da simintin Kalambaina. Ajujuwa suka samu, malamai ne babu. Sai aka buɗe kwas na gaggawa, aka kwashi irinmu.

Ranar farko na shiga aji ina neman wurin zama, sai na ga dattijo da babbar riga ya cika rabin benci. Malamina ne na aji uku, mutumin da ko tarinsa muka jiyo sai mu shiga taitayinmu. Na zube na gaishe shi.

"Tashi, kada ka tara min jama'a," ya ce.

"Malam, duba mu kunka zo yi?"

"Doka ta kawo ni. Matsa can."

Haka muka zama 'yan benci ɗaya. Ban da ni, akwai wasu samari a ajin da suka ɗanɗani tsumagiyarsa tun suna ƙanana, muka riƙa kallon juna muna haɗiye dariya.

Mai koya mana dabarun koyarwa wata matashiya ce Kirista daga yankin Filato, wadda Malam ya haifi sa'arta. Baba take ce masa. Ta ce sabon tsari ya hana bulala, da waƙa da wasa za a koyar da yara.

Malam ya gyara murya ya ce, "Ɗiyata, icce tun yana ɗanye aka tanƙwara shi."

"Gaskiya ne, Baba. A tanƙwara aka ce, ba a karya ba."

Da aka zo gwaji, kowa zai fito ya koyar, sauran su zama 'yan aji ɗaya. Ranar Malam, mu tsofaffin ɗalibansa muka shirya masa. Yana rubuta lissafi a allo, ɗaya ya ɗaga hannu wai zai zagaya. Wani ya fashe da kuka, gemu na rawa, wai an cinye masa gyaɗa. Ni kuwa na miƙe na ce, "Malam, in an haɗa biyu da biyu, wa ya raba su tun farko?"

Hannunsa ya shiga lalube a kan tebur, bai samu komai ba sai alli. Ya zuba min ido, na sunkuyar da kai kamar salihi.

Daga bayan aji Malama ta ce, "Baba, waƙa."

Ya dubi ƙofa har muka ɗauka ficewa zai yi. Can sai ya naɗe hannun riga, ya tafa, ya ɗaga murya: "Akuya ɗaya, akuya biyu, ta uku ta shiga gonata!" Muka amsa, muka tashi muna taka rawa. Kafin a kai akuya ta goma, Malama ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na girgiza.

Na manta cewa nawa gwajin na tafe. Ina fitowa, Malam ya tuɓe hula ya zauna dirshan a ƙasa, ya ciro ƙuli-ƙuli yana gurgura. Na nuna harafi na ce a karanta, ya ce shi sanda yake gani. Na fara waƙa, ya ɗaga hannu ya ƙanƙance murya: "Malam, ba hitsari na ba, randa ta ta hwashe." Sannan ya juya ga aji ya ce, "Haka wani yaro mai babban kai yat taɓa ce min a aji uku." Kowa ya waiwayo ya dubi kaina, har 'yan matan layin gaba. Darasin ya ɓace min fat. Malama ta ce Baba ya fi kowa fahimtar halin yara, ni kuma in sake shiri.

Duk muka ci kwas ɗin. Aka ba shi hedimasta a sabuwar makaranta a Ƙofar Dundaye, ni kuma, cikin duk makarantun garin nan, can aka tura ni. Ya ba ni aji ɗaya, yara maƙil har kan taga. Lokacin tara yakan aiko a kira ni mu sha fura a ofishinsa, mu yi ta musu kan tarbiyyar yara.

Da na tashi aure, shi ya shiga gaba wajen nema min. Baban yarinyar ya tambaye shi halina, ya shafa gemu ya ce, "Yaro na mai hankali ƙwarai, in yana barci." Aka yi dariya, aka ba ni.