Akawun da Ya Kulle Sunayen Mamata

Duk wanda ya zauna a layinsu cikin Zangon Kumasi ya san Malam Sulemana Seini, ko da bai san sunansa ba, don Akawu kowa ke ce masa. A nan aka haife shi, a gidan haya mai ɗaki goma sha huɗu da famfo ɗaya. Ubansa falken goro ne, amma shi tun yana ƙarami alƙalami ya fi kama hannunsa. Shekara ashirin da shida ya yi yana rubuta shiga da fitar motoci a wani kamfanin katako, ba a taɓa kama shi da kuskuren lamba ba. Mutum ne da ko ziyarar asibiti ya je sai ya rubuta ranar a ɗan littafin aljihunsa.

Abin da ya fi ji da shi a duniya kuwa, jerin sunayen mamatan masallacinsu ne. Al'adar masallacin ce duk tsakiyar watan Sha'aban a taru bayan la'asar, a karanto sunan kowane mamaci na unguwa, gida gida, a yi musu addu'a. Tun 2003 Akawu ke riƙe da jerin, shi ke karantawa. A damunar 2016 kwanon ofishin masallaci ya yi yoyo, littattafai biyu suka jiƙe, tawada ta narke. Wata bakwai ya yi yana bin tsofaffi ɗaki ɗaki har ya sake haɗa suna dubu ɗaya da ɗari huɗu da tara, kowanne da sunan uba da gida da shekarar rasuwa. Ya buga su a kwamfuta da yatsa biyu, ya zuba cikin wani ɗan baƙin akwatin ajiya mai igiya, wanda masu kwamfuta ke kira estana. Idan aka yi rasuwa, sai wani daga dangi ya zo ya zauna gabansa ya amsa tambayoyinsa kafin suna ya shiga. Haka tsarin yake.

Ana nan sai Brimah ya dawo unguwa. Tare suka yi makarantar allo, amma Brimah ya daɗe a Ankara, babban birnin ƙasar, yanzu yana koyar da kwamfuta a wata makaranta a Ashanti New Town. Mai fara'a ne, mai saurin hannu. Liman Abdulgafar ya ce a riƙa ba shi estanar ya taimaka, sai akwatin ya shiga yawo tsakanin kwamfuta uku: ta ofishin masallaci, da laftof ɗin Akawu, da ta Brimah.

Sha'aban na farko, Brimah ya buga jerin da manyan haruffa, kowane gida da shafinsa. Liman ya ɗaga takardun a gaban jama'a ya ce, "Allah ya yi wa Malam Brimah albarka, ya kawo mana haske."

Akawu ya ce amin tare da kowa. Da ya koma gida ko tuwon bai taɓa ba.

"Haske," ya ce wa matarsa Mamuna. "Wata bakwai ina yawo takalmina ya huje, ba wanda ya ga haske. Mutum ya ƙara wa haruffa ƙiba, ya zama fitila."

"Baban Kausara, ci tuwonka," in ji ta. "Mamatan dai ba su ce an rage musu lada ba."

Brimah ya sha ba shi shawara a kwafi jerin a ajiye wuri biyu. Akawu ya ƙi. A ransa, abin da ya zama biyu ba shi da mai tsaro.

Abin da ya cika tulun ya faru ne wata Talata. Ya jona estanar ya ga ranar gyaran fayil ta canza, alhali shi bai taɓa ba. Ya bi layi layi har ya gano: an ƙara suna ɗaya, Barakatu, gwaggon Brimah da ta rasu watan da ya wuce. Ba sunan uba, ba gida. Brimah ne ya saka da kansa, bai zo ya zauna ba, bai amsa tambaya ba. Akawu ya goge sunan, ya ce a ransa in mai gwaggo ya zo ta ƙofa za a rubuta.

Washegari ya hau trotro, motar haya, zuwa unguwar Sofoline wurin Muniru mai gyaran kwamfuta. Ya ce yana so foldar ta daina buɗe wa kowa sai shi. Muniru ya nuna masa wurin da ake ba da izini, inda sunayen masu iko suke a jere, ya ce a cire na kowa da kowa a bar nasa.

"Amma wannan na admin, Baba, gara a bar shi. Saboda wata rana."

"Wane ne admin?"

"Babban mai kwamfuta, kowace kwamfuta da nata."

"To Brimah ma admin ne a tasa ke nan. Cire."

Muniru ya cire. Akawu ya rubuta ranar a littafinsa.

Kwana uku bayan haka Brimah ya karɓi estanar, can ya dawo da ita yana sosa ƙeya. "Yaya Sule, abin nan ya ƙi ni fa. Wai ba ni da izini."

"Ikon Allah. Ni kuwa yana buɗe mini lafiya lau. Ko kwamfutarka ce ta gaji?"

Brimah ya dube shi ɗan lokaci, ya yi murmushi, ya ce to, duk abin da ake so a buga a turo masa. Bai ƙara tambaya ba. Wannan ma ya ɓata wa Akawu rai, don ya so a roƙe shi. Duk da haka wata takwas ya yi yana jin daɗinsa. Ko Liman ke neman shekarar rasuwar wani, sai an aiko gidan Akawu.

Saura kwana biyar addu'ar bana aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi, laftof ɗinsa na jone. Ta yi ɗan ƙauri, ta mutu. Bai tsorata ba, tunda sunayen na cikin estana. Ya je ofishin masallaci ya jona, kwamfuta ta ce ba shi da izini. Ya sa aka buɗe masa sabon shiga da sunansa, harafi da harafi kamar na laftof. Ta sake cewa ba shi da izini. Ashe na'ura ba suna take gani ba. Wata doguwar lamba ce take ba kowane mai shiga, tasa kuwa ta tafi da laftof ɗin da ta ƙone.

Ya koma Sofoline, ya tarar da shagon Muniru a rufe, an ce ya tafi Bawku jana'izar mahaifiyarsa. Mai gyaran da ke kusa ya jujjuya akwatin ya ce, "Wannan sai fomatin, Alaji. Mu wanke shi tas ya dawo sabo." Akawu ya fizge kayansa ya sa a aljihu. Takardun bara da Brimah ya buga kuwa an rarraba wa gidaje tun ranar, kowa ya tafi da shafinsa.

Kwana biyu yana kwana da abin a ciki. Mamuna ce ta gaji.

"Ka kulle ɗaki ka jefa makulli a rijiya, yanzu kana zagaya rijiyar. Mai guga yana nan bayan masallaci, ka san gidansa."

"Ya ji daɗi ke nan."

"Ya ji mana. Ko ka fi so ka tsaya gaban mutane ranar Laraba ka ce iyayensu sun ƙi buɗuwa?"

Da hantsi ya je. Brimah na shan koko a ƙofar ɗaki, ya ture kofin ya ɗauko laftof. Ya jona, ya shiga wurin izini, ya ga layi ɗaya tak, doguwar lamba marar suna. Ya gane komai, Akawu ma ya ga ya gane.

"Za ta buɗe," in ji Brimah. "Ina iya yi tun wancan karon, na ga kamar ba ka so ne. Sai dai dole kwamfutata ta karɓi mallakar fayilolin. Sunana zai hau kansu."

Akawu ya ce, "Yi."

Ya zauna yana kallon fayilolinsa na wucewa ɗaya bayan ɗaya, aikin wata bakwai, kowanne an rubuta mai shi Brimah. Sannan Brimah ya mayar da izinin kowa da kowa, ya ce abin da ke yawo tsakanin kwamfutoci haka ya fi zama lafiya. Jerin ya buɗe. Brimah ya gangara zuwa shafin gidansu, ya duba, ya sake dubawa.

"Gwaggo Barakatu ba ta ciki."

"Ba ta zo ta ƙofa ba," in ji Akawu, muryarsa ƙasa ƙasa. Ya jawo laftof ɗin gabansa, ya gyara tabarau. "Sunan ubanta?"

Brimah ya ɗago kai ya dube shi. Can ya ce, "Amidu."

"Gida?"

"Haba Yaya Sule, a gidan kake zaune."

"Sai ka faɗa."

Ya faɗa, ya faɗi wata da shekara. Akawu ya buga da yatsunsa biyu. Ya kuma yarda a kwafi jerin a kwamfutar masallaci, da sharaɗin ba mai ƙara suna sai ta hannunsa.

Ranar Laraba bayan la'asar ya karanta sunayen duka, bai tsallake ko ɗaya ba. Da ya zo kan Barakatu 'yar Amidu ya ɗan ja numfashi kafin ya wuce. Da aka shafa, Liman, wanda labari ya kai masa rabi, ya ce jama'a su sa wa Malam Brimah albarka, shi ya ceto sunayen iyayenmu da na'ura ta riƙe.

Akawu ya ce amin. A gida ya fito da littafin aljihu ya rubuta ranar da adadin sunaye. Ya tsaya da alƙalami a sama, yana tunanin ko ya rubuta wanda ya buɗe. Ya rubuta "an buɗe" kawai, ya rufe littafin, ya tambayi Mamuna ko akwai sauran tuwo.