Gemun da Ya Ƙi Shiga Takunkumi

A shekarun da sojoji suka koma bariki, Abuja ta cika da gini. Duk inda ka waiwaya ana zuba kankare, otal-otal na tashi, 'yan kasuwa na gina ɗakunan sanyi don ajiye kaji da kifi. A lokacin ni ne foman a wani ƙaramin kamfani mai feshin kumfa. Ga wanda bai san aikin ba, ruwan magani ne iri biyu a ganguna biyu. Inji ya ɗumama su, ya turo su ta tiyo, su haɗu a bakin bindigar feshi. Da zarar ya taɓa bango sai ya kumbura kamar ƙullun fanke, ya daskare, ya hana zafi shiga. Abin kallo ne. Amma tururinsa mugu ne ga ƙirji, kuma in ya faɗa ido sai asibiti.

Ni mutum ne mai son abu bi da bi. Karatuna bai yi nisa ba, amma abin da aka koya mini ba na sauya masa wuri. Da farko farar riga mai haɗe da wando. Sai takalmi. Sai takunkumin roba mai gwangwanayen tace iska a gefe da gefe. Sai tabarau mai manne wa fuska. Sannan a ja hular rigar, safar hannu ta zo ƙarshe. Wanda ya sa safar hannu kafin takunkumi, tuɓewa zai yi ya sake daga farko. Ma'aikatana sun sha zagina a bayan ido. Ina ji, ban fasa ba.

Bayan shiri sai gwaji. Injiniyan kamfanin ya taɓa kawo wata 'yar kwalba mai ƙamshin ayaba. Kana sanye da takunkumi za a kawo ta kusa da fuskarka, in ka ji ƙamshin, to takunkumin bai zauna ba, yadda ƙamshi ya shiga haka tururi zai shiga. Kwalbar ta ƙare, aka ce sai an sake odarta daga waje. Ni kuwa ba na tsallake mataki don kwalba ta ƙare. Na je kasuwa na sayi daddawa, na zuba a gwangwani mai murfi. Tun daga ranar, ba mai riƙe bindiga sai ya runtse ido na zagaya fuskarsa da daddawa.

A cikin ma'aikatana akwai wani Bazazzagi da ke zaune a Mararaba, wanda duk kamfanin babu mai hannunsa a feshi. Layinsa kamar an ja da zare. Shekarunsa sun kai arba'in, amma Allah ya yi masa fuskar yara. Ya ba ni labari cewa kafin ya tara gemu, kwandastan mota kan ce masa, "Yaro, matsa baya." Saboda haka ya tara shi, baƙi wuluk, ya sauko har ƙirji. Yana da mataji na musamman a aljihun gaba. Matarsa ma ba ta taɓa ganin haɓarsa ba, don da gemun ya aure ta.

Muddin muna feshin bayan rufin kwano a sarari, da iska na kaɗawa, injiniya na kau da kai. Amma da muka sami aikin ɗakin sanyi na wani ɗan kasuwa a hanyar Kuje, ɗaki ne rufe ruf, ƙofa ɗaya, sai injiniya ya kira ni ya ce wannan karon ba wasa. Robar takunkumi fata take kamawa, ba ta kama gashi. Na kira mai gemu na gaya masa yadda abin yake: ko ya rage gemun, ko ya bar bindiga ya koma waje gadin ganguna. Gadin ganguna kuwa aikin sabon shiga ne.

Ya ce, "Oga foman, ni da ganguna? Ni?"

Na ce, "To, ga mai aski."

Ya ce, "Gara ka ce in yanke kunne."

Na ce, "Kunne bai hana takunkumi zama ba."

Washegari ya zo ya shafe gemun da man shafawa har yana sheƙi, wai ya kwanta. Ya sa takunkumi, takunkumin ya sulale ya koma wuya. Bayan kwana biyu ya zo da gemun a kitse, siriri kamar jelar ɓera, ya cusa shi cikin riga. Na buɗe gwangwani, tun kafin in matso ya yamutsa fuska. Wata rana kuma ya naɗe shi da ledar burodi ya ɗaure da kyauro. Sauran ma'aikata suka yi ta dariya har ɗaya ya zauna a kan tiyo. Ni ban yi dariya ba. Na ce a sa takalmi tukuna.

Da dabara ta ƙare, sai ya koma ƙarya. Ya ja igiyoyin takunkumin har idanunsa suka firfito, ya runtse su, na zagaya da gwangwani.

Na ce, "Ka ji wani abu?"

Ya ce, "Ko alama."

Na sake zagayawa ta hagu. "Yanzu fa?"

"Babu komai, oga. Kamar ina cikin kwalba."

Na yi shirin rufe gwangwanin. Har na fara zargin hancina. Sai ya ce, ta cikin robar, "Amma gaskiya an cuce ka. Wannan ba ta kalwa ba ce, ta waken suya ce."

Na ce, "Ganguna."

Ya koma waje. Na ba wani bindigar, wanda haɓarsa sumul take amma hannunsa rawa yake yi. Mai gemu na zaune kan bokiti yana leƙe ta ƙofa, yana tsaki. "Dubi layi kamar hanyar maciji. Dubi kusurwa! Wayyo Allah, an ɓata bango." Ban kula shi ba. Na san yana da gaskiya a kan bangon, amma bango ba ya tari.

Ranar da muka kai ga silin, muka tsaya sallar azahar da cin abinci. Ya ce mu je, shi zai tsare kaya ya yi tasa in mun dawo. Muna zaune wajen mai shinkafa a tsallaken titi, sai na ji inji ya tashi. Na ajiye cokali. Kafin in ƙetare titin, sai ga shi ya fito daga ɗakin sanyi, hannuwa a gaba yana lalube, yana tari kamar tsohon babur. Ashe wata kusurwa ce a sama ta tsaya masa a rai. Ya ɗaura hankici a hanci, ya ari baƙin gilashin wani ɗan acaɓa, ya shiga gyara ta. Ya ɗaga kai, ya danna, kumfar ta dawo masa.

Gilashin ya rufe fari fat. Gemun kuwa yana kumbura muna kallo. Ya tashi, ya yi faɗi, ya tsaya a ƙirjinsa kamar burodin gidan biki.

Na bi tsari. Da farko na kashe inji. Na ja shi inuwa inda iska ke kaɗawa. Na cire gilashin a hankali, na sa aka yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta a idanu har jarkoki suka ƙare. Yana ta ihu, "Gemun, oga, a fara da gemun!" Na ce ido, sannan ƙirji, sannan gemu. Wani ya kawo fetur wai a narkar da kumfar, na ce in ya matso da shi kusa da fuskar mutum shi ma ganguna zai koma. Muka sa shi a motar kamfani zuwa asibiti. Likita ta duba idanun ta ce Allah ya kiyaye, ta saurari ƙirjin ta rubuta magani, ta hana shi aiki sai tarin ya lafa. Da ta zo kan gemun, sai ta ƙwanƙwasa shi da biro. Ya yi ƙara kamar ƙofa. Ta ce wannan ba sashenta ba ne.

Daga nan sai shagon aski a Mararaba. Mai askin ba Bahaushe ba ne, Hausar kasuwa yake yi. Ya zagaya kujerar, ya taɓa, ya sa mataji, matajin ya karye.

Ya ce, "Oga, wannan gemu ta mutu."

Mai gemu ya ce, "A ceto rabi."

"Babu rabi. Duka ta zama katifa."

Da almakashi aka fara, aka gama da reza. Gemun ya fita guda ɗaya, da siffarsa, mai askin ya jingina shi jikin madubi. Wanda ya tashi daga kujerar nan, da a hanya na gamu da shi, sai in tambaye shi ajinsa nawa. Na raka shi gida don na ga jikinsa a sanyaye. Ya yi sallama a ƙofa, murya a shaƙe saboda tari. Matarsa ta ɗaga labule, ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Maigidan bai dawo ba. In aiko ka aka yi, ka bar saƙon."

Da tarin ya warke ya dawo aiki. Ya sa riga, ya sa takalmi, ya sa takunkumi, robar ta kama fuskar tsam. Na zagaya da daddawa ta dama, na zagaya ta hagu, na kai ta har ƙarƙashin haɓa. Idonsa a runtse ya ce, "Ka buɗe gwangwanin mana." A buɗe yake. Na miƙa masa tabarau, sannan bindiga. Shi ya ƙarasa silin ɗin, kuma har da kusurwar.

Ba a yi wata guda ba, injiniya ya sauke wani kwali daga mota. Hula ce babba mai gilashi a gaba, tana rufe kai har kafaɗa, da tiyo a baya mai kawo iska daga waje. Ya ce tun farkon aikin ya yi odarta saboda mutuminmu, ita ba ruwanta da gemu, kaya ne suka maƙale a tashar jirgin ruwa. Mutumin namu ya dubi hular, ya shafa haɓarsa. Ya zaro matajin daga aljihu, ya dube shi, ya mayar.

Na ce, "To, sa ta mu gani." Ya miƙa hannu zai ɗauka. Na ce, "Riga tukuna."