Tarin Inna da Wankan Jaririya

Shekarun baya, bayan korona ta lafa, matata ta haifi 'ya mace a Toranke. A gidanmu duk jikan da aka haifa mahaifiyata ce ke masa wanka, ba ta taɓa bar wa kowa ba. To wannan karon ta iso daga Kademi tana tari, hanci na zuba.

Ni ban yi boko mai nisa ba. A wajena mura mura ce, a sha citta a kwanta. Amma jaririyar ta zo 'yar mitsitsiya, matata kuma ta hana ni sakat. Na ɗora Inna a babur sai asibiti a Gaya, tana mita duk hanya wai na mai da ita majinyaciya.

Malamar asibitin ta goga auduga a hancinta, ta haɗa da wani ruwa, ta ɗiga a wani ɗan abu kamar katin waya. Da na leƙa sai na ga siraran hanyoyi a ciki, ruwan na bi da kansa, yadda muke sakin ruwa fangali-fangali a lambu. Ta ce kowane fangali ƙwayar cutar da yake nema daban. Ni dai na ce a yi mata allura mu tafi.

Ban ma gama gyangyaɗi a benci ba sakamako ya fito. Ba korona ba ce. Wata ce da babba ke warkewa da kansa, amma in ta kama jariri tana iya toshe masa numfashi. Allura kuwa ba ta yi wa wannan cutar komai.

Inna ta ce, "Wato ni zan cuci jikata."

Malamar ta ce, "Ba ke ba Inna, tarin. Ki bari ya wuce."

Ƙanwata ce ta yi wankan. Inna ta kafa kujera a bayan katanga tana ba da umarni, har da cewa ruwan ya yi zafi, ruwan da ko gani ba ta yi ba. Yarinya ko atishawa ba ta yi ba, kuma sunan Inna ta ci.

Yanzu takwarar tata ta isa aike. Ni na daina cewa mura mura ce. Inna kuwa in tari ya kama ta, da kanta take aikowa kada a kai mata jarirai sai ta warke.